Jinjina ga Ma'aikatan Ɗakunan Shan Magani

A ƙauyukan Madawa, Buza da Keita, ma'aikacin ɗakin shan magani ya cancanci jinjina. Da damina, in an kawo yaro jiki zafi zau, shi ke ɗiga jinin yatsa a abin gwaji, ya tabbatar ko zazzaɓin cizon sauro ne. Shi ke auna damtsen yaro da tef mai launi: ƙasa da milimita 115, tamowa ta yi tsanani. Wasu kan ce ai ba likita ba ne. Gaskiya ne, ba ya tiyata. Amma gane cewa yaro mai jijjiga, ko mai jegon da jini ya ɓalle mata, sai babban asibiti nan take, ilimi ne mai ceton rai inda hanya ke da nisa. Ya kamata hukuma ta wadata ma'aikatan da magani, ta biya su a kan kari.