Kunnen Makanike a Cinikin Tsohon Injin Kara

A Turai da Amurka, masu sana'ar rage rassan itatuwa suna jan wani inji a bayan mota, su riƙa cusa masa rassa yana fesar da su gutsi-gutsi, domin a can reshen da aka sare shara ne, sai an biya kuɗi kafin a kwashe shi. A Gusau wa zai bari? Kafin mai gatari ya sauko daga kan dogonyaro an gama cinikin itacen, ƙiraren ma yara sun tsince. Ɗan'uwan wancan inji a wajenmu shi ne na niƙa kara, wanda ke mayar da karan dawa da na masara da totuwa da harawa su zama abincin dabbobi.

Kasuwarsa ta buɗe ne saboda daji ya ƙi shiguwa. A Tsafe da Bunguɗu da Kwatarkwashi, mutane da yawa sun dawo da kiwo cikin gida, a turke. Idan ka zuba wa sa kara ɗungurungum, zai tsince ganyen ya tattake sauran. Idan aka niƙa aka cuɗa da dusa da ɗan gishiri, kaɗan ne ke saura a kwami. Sabon inji kuwa ya yi tsada tun da darajar Naira ta faɗi a 2023, don haka mafi yawan masu sha'awar sana'ar na hannu suke nema. A nan ne ake buƙatar wani mutum da ba kasafai ake yaba masa ba, wato tsohon makaniken da ake ɗauka ya je ya duba kafin a biya.

Abin da ya fara burge ni da irin waɗannan mutane shi ne ba sa farawa da maganar injin. Mai saye suke tsarewa da tambaya: me za ka niƙa, wa zai kawo maka, wata nawa za ka yi aiki a shekara? Aikin kara daga kaka yake tashi, ya yi ƙarfi da bazara lokacin da ciyawa ta ƙare, ya ƙara zafi idan masu turkar ragunan layya sun matsa. Da damina ta zauna, inji sai ya kwanta. Wanda bai da wurin aje kara, ko ba ya kusa da masu kiwo, makanike zai ce masa ya ci gaba da kai wa masu inji yana biyan lada. Sannan ga lissafin mai. Tun da aka cire tallafin fetur ranar 29 ga Mayu 2023, injin da ke zuƙar mai fiye da kima ya zama abokin gaba, kuma mutanen Zamfara ba su manta da 2021 ba, lokacin da aka hana sayar da fetur a jarka, masu ƙananan injuna suka rasa yadda za su yi.

Idan aka tsallake wannan, sai a sa rana. Gwani yana son zuwa da sassafe, kuma kafin ya gama gaisawa da mai kaya ya riga ya ɗora bayan hannunsa a kan injin. Ɗumi yake nema. Idan ya ji shi, ya san an tayar da injin kafin su iso, kuma inji mai ɗumi yana ɓoye wahalar tashi. Sai ya ce, “Alhaji, mu ɗan taɓa hira har ya huce.” Ba ya zargin kowa da baki.

Daga nan sai baƙin mai. Ya zaro sandar gwaji, ya murza man tsakanin yatsu biyu, ya ɗaga shi a rana. Ɗan ƙyalƙyali na nufin ƙarfe yana cin ƙarfe a ciki. Idan ya yi fari-fari kamar kunu, ruwa ya shiga, gasket ya ƙone ko kan injin ya tsage. Idan kuma ya yi kauri fiye da kima, akwai alamar an ɗura mai nauyi don a danne ƙarar da injin ke yi. Sai ya kama hannun tayarwa ya juya a hankali: lafiyayyen inji yana turjewa, wanda fistin da ringinsa suka cinye kuwa sai ya tafi sulululu.

Bayan an tayar, hayaƙin salansa shi ke ba da shaida. Shuɗi-shuɗi, injin yana ƙona baƙin mai. Baƙi ƙirin, ko nozul ya lalace ko matatar iska ta toshe, kuma wannan gyara ne mai sauƙi, har yakan zama hanyar neman ragi. Farin da ya ƙi ɗaukewa bayan injin ya yi zafi shi ne abin tsoro. Wani makaniken yakan dafa bakin dogon sukundireba a jikin injin, ya kara kunnensa a ƙotar, ya rufe ido. Ta cikin duk wannan rugugi yake rarrabe ƙarar da ba ta da illa da ƙwanƙwasar da ke cewa injin ya kusa bugawa. Ba a karanta wannan a littafi. Shekarun kwance injuna ne suka koya masa.

Mafi yawan masu saye a nan suke tsayawa, alhali rabin kayan ne aka duba. Sauran rabin shi ne kan niƙan. Sai an kashe inji, an cire bel, an buɗe murfi. Ya girgiza shaf da hannu ya ji ko boris ya yi lako-lako. Ya duba hamomin da ke dukan karan, waɗanda masu walda kan yanko daga tsohon sifirin na mota. Cinyewarsu ba ta dame shi ba, don ana juya su ko a sake su da araha. Abin da yake nema shi ne ko an sake wasu an bar wasu. Idan nauyinsu bai zo daidai ba, injin zai riƙa rawa, rawar nan kuma ita ke kashe boris, ta tsaga walda, wata rana ta wurgo ƙarfe. Sabon fenti ma ba ya burge shi; yakan kankare shi da farce a kusurwoyi, inda tsaga ke ɓuya. Rariya ko ta huje ba komai, ana samu.

Gwaji da karan mai kaya cinikin biri a sama ne, domin ya zaɓo busasshe siriri. Makanike da daminsa yake zuwa, mai kauri, wani ma da sauran danshi, ya tura ya saurari yadda injin ke karɓar nauyi. Yana kuma auna tsawon mazurari da hannunsa. Idan yatsu za su iya kaiwa ga hamomi, sai an ƙara masa tsawo kafin a sa yaro aiki, kuma bel ɗin da ba shi da murfi ba ya shiri da hannun babbar riga.

Yana fifita injin da kowa ya sani, irin Honda GX da kwaikwayonsa, ko na gas ɗan Chana mai tukunyar ruwa a ka, ko tsohon Lister, a kan wani kyakkyawan baƙon inji da sai an aika Sabon Garin Kano ko Fantekar Kaduna kafin a samo masa ƙaramin abu. Yana neman rasit da shaidu biyu, don a wannan zamani kayan da ba a san asalinsa ba yana iya kai mutum ofishin 'yan sanda. Sai ya lissafa kuɗin ringi da boris da bel da ladan walda a gaban mai kaya, a cire daga farashi. Wani lokaci shawararsa ita ce a sayi kan niƙan kaɗai, a bar wa mai kaya injinsa.