Gwanintar sauraron mai jego a ƙasar baƙunta

A Birtaniya akan miƙa wa mai jego takardar tambayoyi 10 da aka tsara a Edinburgh a 1987, domin gano ciwon damuwa bayan haihuwa. Sai dai uwa 'yar asalin Ghana ko Najeriya ko Jamaika sau da yawa tana cike ta da amsar "lafiya lau", alhali zuciyarta a cunkushe take. Binciken Farfesa Dawn Edge ta Jami'ar Manchester ya nuna yadda matan Karebiyan ke ɗaukar kansu jarumai waɗanda bai kamata a ga gazawarsu ba. Ga kuma fargabar kada hukuma ta raba uwa da jaririnta.

A nan gwanar mai ba da shawara ke nuna ƙwarewarta. Ba ta fara da sunan cuta. Barci take tambaya, da ciwon kai, da nauyin ƙirji, don ta nan damuwa ta fi fitowa a bakin waɗannan mata. Sannan ta ce, "Wa ke karɓar miki yaro ki runtsa?" Tambayar kan ɓalle hawaye, domin a gida akwai kaka da gwaggo da maƙwabta, a Landan kuwa sai ita da bango huɗu.

Idan uwar ta ce jarrabawa ce daga Ubangiji, ko fasto ko malam ya ce ta dage da addu'a, gwanar ba ta musa mata. Addu'ar ma tana shiga cikin tsarin jinyar, tare da fita shan iska da neman mataimaki. Tunanin da take farauta shi ne "ni ba uwar kirki ba ce". Sai su zauna su auna shi: wa ya tashi cikin dare ya shayar? Wa ya lura da zazzaɓin tun bai yi tsanani ba? Da bakinta uwar ke rushe zargin da take yi wa kanta.

Dakta Dung Jidong da abokan aikinsa sun gwada irin wannan jinya a zama 12, ga iyaye mata baƙar fata a Birtaniya da kuma a Jos. Sun haɗa gyaran tunani da koyarwa ta hanyar wasa, ta amfani da kalandar hotuna mai nuna yadda uwa za ta yi wa ɗanta tawai da waƙa gwargwadon watanninsa. Hikimar a fili take: matar da ke jin kunyar zuwa "asibitin ƙwaƙwalwa" za ta zo da gudu idan don ɗanta ne, kuma dariyar yaron kan zame mata hujjar cewa tana iyawa.

Wannan aiki na buƙatar ilimi da haƙuri da sanin darajar mutane. Ya cancanci a koya wa kowace ungozoma da ma'aikaciyar lafiya mai ziyartar gidajen masu jego, domin su ne ke fara jin "lafiya lau" ɗin da ba ta kai zuci ba.