Matattun da Ke Miƙewa: Nazari Kan Masu Kwaikwayon Yaƙin Basasar Amurka

Kusan kowace shekara, a farkon watan Yuli, lokacin da zafi ya kankama a jihar Pennsylvania ta Amurka, wasu gonaki da ke kusa da ƙaramin garin Gettysburg kan cika da fararen tantuna. Masu kwana a cikinsu ba sojoji ba ne. Akwai malamin makaranta, akwai direban babbar mota, akwai likita da ɗan fansho. Kowa ya sa rigar ulu mai kauri, wasu shuɗiya wasu ruwan toka, ya rataya bindiga irin wadda ake ɗura wa albarushi ta baki. Da an busa begila sai a ja daga, igwa ta yi tsawa, hayaƙi ya turnuƙe, mutane su yi ta zubewa. Can a sake busawa, matattu su miƙe su karkaɗe jikinsu, 'yan kallo su tafa. Ba wanda ke biyansu ko sisi. Su ne ma ke zuba kuɗinsu a tufafi da bindiga da tanti, su sadaukar da hutunsu na ƙarshen mako, don sha'awa kawai.

Abin da suke maimaitawa ba ƙaramin bala'i ba ne. Daga 1861 zuwa 1865 Amurkawa sun gwabza a tsakaninsu, bayan jihohi 11 na Kudu sun ɓalle. Sojojin da suka mutu sun kai aƙalla 620,000. A Gettysburg kaɗai, cikin kwana uku, daga 1 zuwa 3 ga Yulin 1863, waɗanda aka kashe da waɗanda aka jikkata da waɗanda aka kama ko suka ɓace sun kai kusan 50,000. A rana ta uku Janar Robert Lee na Kudu ya tura mutum kimanin 12,500 su keta buɗaɗɗen fili zuwa bakin igwogin Arewa, kusan rabinsu ba su dawo lafiya ba. Wannan farmakin, da ake kira da sunan Janar Pickett, shi ne kan gaba a abin da masu kwaikwayo ke ɗokin yi.

Waɗanda suka fi shahara da fara maimaita shi su ne waɗanda suka yi shi da gaske. A 1913, da yaƙin Gettysburg ya cika shekara 50, tsofaffin sojoji fiye da 50,000 daga ɓangarorin biyu suka taru a filin. Ragowar mutanen Pickett, tsofaffi masu furfura, wasu da sanduna, suka sake takawa zuwa katangar dutsen da ta gagare su, tsofaffin abokan gaba suka miƙo musu hannu aka gaisa. Duk mai zuciya zai ji wannan hoto ya taɓa shi. Amma a dubi abin da aka bari a baya kafin a kai ga musafahar. Shugaba Woodrow Wilson ya yi jawabi a taron, ya yabi jaruntakar kowa, bai tsaya kan zancen bauta ba. Sulhun da fararen Arewa da na Kudu suka ƙulla ya tsayu ne kan cewa kowa ya yi bajinta, kada a tona dalilin faɗan. A ganina wannan shirun ne gadon da masu kwaikwayo suka karɓa tun kafin su sayi bindigar farko, kuma shi ne ke bin su har yau.

Sha'awar a kamannin da aka santa yanzu ta tashi ne a 1961, da aka yi bikin cika shekara 100 da soma yaƙin. An maimaita karon farko na Manassas a ainihin filin da aka yi shi a Virginia, daga bisani hukumar da ke kula da wuraren tarihi na tarayya ta hana irin wannan a filayenta. Hujjarta mai ƙarfi ce: ƙasar da ta sha jinin mutane ba dandalin wasa ba ce, ga kuma haɗari. Shi ya sa har yau ake hayar gonaki a gefe. Finafinai irin su Glory na 1989 da Gettysburg na 1993, waɗanda masu kwaikwayon suka fito a cikinsu, sun jawo sababbin shiga, har a 1998 fiye da mutum 15,000 suka sa kaki a taro guda. Turai ma na da nata. A Ingila, Birgediya Peter Young ya kafa ƙungiyar Sealed Knot a 1968 don maimaita yaƙin basasar ƙarni na 17, kuma a 2015 wajen mutum 5,000 sun hallara a Waterloo ta Beljiyam don tuna kayen da Napoleon ya sha a 1815.

Bahaushe ba baƙo ba ne ga ganin kayan yaƙin da a jikin mai rai. Wanda ya taɓa tsayawa kallon hawan sallah a Kano ko Katsina ko Zazzau ya ga 'yan sulke da 'yan lifida, ya ji ƙarar 'yan bindiga, ya ga yadda mahaya ke sukuwa su ja linzami su yi jinjina. Sai dai akwai bambanci babba. A hawan sallah ba a raba mutane gida biyu a ce waɗannan su ne mayaƙan Sarkin Musulmi Attahiru, waɗancan su ne na Nasara, a sake buga Giginya ko Burmi na 1903. Mubaya'a ake sabuntawa ga sarki mai rai. Shi kuwa mai kwaikwayo a Amurka wata rana ɗaya tak yake son dawowa da ita, da sa'o'inta, da inda kowace runduna ta tsaya.

Wannan buri ne ya haifar da tsananin bin diddigi da ke ba baƙo mamaki. Suna da kalmar da suke jifan duk wanda kayansa ba su dace da zamanin ba, farb, kuma zagi ce mai zafi a wurinsu. Agogon hannu, tabarau na zamani, ɗinkin keke a inda ya kamata a yi na hannu, duk sun isa a kira mutum haka. Ɗan jarida Tony Horwitz, a littafinsa Confederates in the Attic na 1998, ya ba da labarin 'yan gani-kashe-ni daga cikinsu, masu rage cin abinci don su rame kamar sojan Kudu mai yunwa, masu jiƙa maɓallan tagulla a fitsari don su dusashe, masu kwana a ƙasa cikin sanyi a manne da juna ba tare da tanti ba.

Yana da sauƙi a yi musu dariya, ni kuwa ban ga abin dariya ba. Akwai ilimin da ba ya shiga ta ido ko ta kunne, sai ta jiki. Littafi zai gaya maka cewa ƙwararren soja kan yi harbi uku a minti ɗaya da bindigar Springfield ko Enfield. Sai ka ɗauki abu mai nauyin fiye da kilo huɗu, ka yage ƙunshin albarushi da haƙori, bakinka ya yi baƙi, maƙogwaro ya bushe, sannan za ka san tsawon daƙiƙa ashirin ga mutumin da ke tsaye a fili ana harbinsa. Mai karatu kan yi mamakin yadda runduna ke ɓata hanya ko ta buɗe wa 'yan'uwanta wuta. Wanda ya tsaya cikin hayaƙin baƙin albarushi, ya kasa ganin wanda ke gabansa, ya kasa jin umarnin hafsa, ya daina wannan mamakin. Ta nan zai gane amfanin ganga da begila da tuta. Gani ya kori ji. Yaron da ya ɗanɗana busasshen biskit ɗin da sojan ke ci, wanda sai an jiƙa ko an farfasa, ya riƙe wani abu na tarihi da ba zai manta ba. Wannan hidima ce ta gaske, kuma da yawansu sun fi wasu masu digiri sanin rayuwar ƙaramin soja.

To amma jiki yana da iyakar abin da zai iya kwaikwaya. Ba harsashi a bindigogin, a yawancin taruka ma an hana zura sandar ɗuri don kada a manta da ita ta fita kamar mashi. Ba tsoro ke nan, kuma yaƙin da ba tsoro a cikinsa an cire masa rai. Mutumin da ya yi tafiyar ɗaruruwan kilomita ba ya son faɗuwa a minti biyar na farko, har wasu masu shirya taro kan raba alamun da ke nuna wa zai faɗi da lokacin faɗuwarsa. Ga kuma babbar gaskiyar da ba ta kallo: kusan biyu cikin uku na sojojin da suka mutu a yaƙin cuta ce ta kashe su, atuni da taifot da zazzaɓi da ciwon huhu, a sansanoni masu ƙazanta. Ba mai sayen tikiti ya kalli mai zawo yana mutuwa. Don haka ɗan kallo kan koma gida da hoton yaƙi mai tsabta, mai tsari, wanda ke ƙarewa kafin la'asar. Wannan yana damuna, musamman game da yara maza.

Wannan gazawar ba laifinsu ba ce, domin ba yadda za su yi. Wadda nake tuhumarsu a kai ita ce wadda suke da iko a kanta. A 1860 mutane kusan miliyan huɗu ne ke cikin bauta a Amurka. Jihohi irin su Mississippi sun rubuta ƙarara a takardunsu na ɓallewa cewa bautar suke karewa, kuma mataimakin shugaban 'yan tawaye, Alexander Stephens, ya faɗa a bainar jama'a a Maris ɗin 1861 cewa a kanta aka aza harsashin sabuwar gwamnatinsu. A wannan tafiyar ta Gettysburg ɗin, dubban bayi ne ke biye da rundunar Lee suna dafa abinci, suna kora kekunan kaya, kuma sojojinsa sun kama baƙaƙen fata a Pennsylvania, har da 'ya'ya, sun kora su Kudu. Ina waɗannan a sansanin masu kwaikwayo? Mutum ya san adadin maɓallan rigar wata runduna, amma a tambaye shi me ya kawo rundunar nan sai ya ce shi ba ruwansa da siyasa, kakansa kawai yake girmamawa. An bar jaki ana dukan taiki. Irin wannan amsar ce masu sa kakin rundunar SS ta Hitler a kwaikwayon Yaƙin Duniya na Biyu kan bayar, kuma ba ta gamsar a can ma.

Akwai waɗanda suka ƙi wannan shirun. Baƙaƙen fata kimanin 180,000 ne suka yi wa Arewa aikin soja, kuma yau akwai jikokin bayi da ke sa shuɗin kakin rundunar Massachusetts ta 54 da makamantanta, suna yi wa 'yan makaranta bayanin abin da ya sa bawa ya ɗauki bindiga. A Nuwamban 2019 mai fasaha Dread Scott ya jagoranci ɗaruruwan baƙaƙen fata, a ƙafa da kan dawaki, da addunan yankan rake, suka yi tafiyar kwana biyu zuwa New Orleans suna maimaita boren bayin Louisiana na 1811. Dabarar ɗaya ce, tufafi da makami da tattaki, amma labarin da aka zaɓa ya bambanta. Nan aka ga cewa matsalar ba ta kwaikwayo ba ce, ta abin da aka yarda a tuna ce.

Zamani ma ya tilasta tambayar. Bayan wani da ya ɗauki hotuna riƙe da tutar 'yan tawaye ya kashe baƙaƙen fata tara a wani coci a Charleston a 2015, da kuma tarzomar Charlottesville ta 2017, ɗaga tutar nan ya daina wucewa a matsayin wasa. Garin Manassas ya soke bikinsa na 2017. Masu sha'awar na tsufa, matasa ba sa shigowa kamar da, tarukan sun ragu.

Ba na fatan abin ya mutu. Mutanen da ke yarda su sha rana da yunwa don kada a manta da talakan soja sun cancanci girmamawa. Amma wanda ya ce shi gaskiyar tarihi yake bi har kan zaren ɗinki, to ba shi da uzurin tsallake mutum miliyan huɗu. Duk sansanin Kudu da aka kafa babu bawa a cikinsa, babu kuma mai faɗa wa 'yan kallo dalilin yaƙin, shi ne farb na gaske, komai kyan maɓallansa.