Ganuwar da Ke Tsare Mutanen Gari

Kakanninmu sun gina ganuwa a Kano da Damagaram domin su kare gari daga mahara. Amma akwai wasu ƙagaggun labarai da ke kwatanta mugun zamani mai zuwa, inda mahukunta ke gina ganuwa domin kada talakawansu su fita. Bari mu duba uku daga cikinsu, mu ga abin da yake riƙe mutanen ciki.

Na farko shi ne littafin Yevgeny Zamyatin, mutumin Rasha, mai suna *We*, wato "Mu". Ya rubuta shi wajen 1921, amma ba a yarda an buga shi a ƙasarsa ba sai 1988. A cikinsa mutane ba su da suna, sai lamba. Gidajensu na gilashi ne, kowa yana ganin kowa. An kewaye birnin da bangon gilashi, an koya musu cewa a bayansa babu kome sai dajin hauka. Ashe akwai mutane masu 'yanci a can. Aikin bangon shi ne ya hana na ciki sanin cewa akwai wata irin rayuwa.

George Orwell na Ingila ya ƙara zurfafa maganar a littafinsa *1984*, wanda ya fito a 1949. A nan ba a bukatar ganuwa, gama an gina ta tsakanin mutum da ɗan'uwansa. Yara suna kai ƙarar iyayensu. Da aka kama Winston, aka kai shi ɗaki mai lamba 101, aka nuna masa ɓeraye, abin da ya fi tsoro a duniya. Nan take ya roƙi a yi wa Julia, ƙaunatacciyarsa, wannan azaba maimakonsa. Daga baya aka sake shi, domin wanda ya ba da masoyinsa ba ya bukatar mai gadi kuma.

Na uku ya fi taɓa mu masu bi. Margaret Atwood ta Kanada ta fara rubuta *The Handmaid's Tale* a 1984 a Berlin ta Yamma, lokacin da katangar birnin tana tsaye, aka buga shi a 1985. Mahukuntan labarin suna rataye gawawwaki a jikin bango domin masu wucewa su gani. Bayi mata suna zuwa kasuwa biyu biyu, kowace tana zargin abokiyar tafiyarta. Sun ɗauki labarin Rahila da baiwarta Bilha a Farawa sura 30 suka mai da shi hujjar bautar da mata, sa'an nan suka kulle Littafi Mai Tsarki, suka haramta wa mata karatu. Wanda ba ya iya buɗe Littafin da kansa, ta yaya zai gane an karkatar masa da shi?

Mai karatu zai lura cewa marubutan nan uku sun haɗu a kan abu guda: bango shi kaɗai ba ya riƙe al'umma, sai an fara kashe amana a tsakaninsu. Hausawa sun ce sai bango ya tsage ƙadangare ke samun wurin shiga. Azzalumi yakan fara tsaga zumunci tukuna. Saboda haka duk inda maƙwabci ya ƙi sayar da maƙwabcinsa, ko aka koya wa yarinya karatu, an rage wa irin wannan mulki ƙarfi.