Sheƙar Ɓera Ma Shaida Ce

Gyaran tsohon gida kowane magini ya iya. Amma mayar da gida kamar yadda mai shi ya san shi kusan shekara 200 da suka wuce, wannan sai masu haƙurin bin diddigin tarihi.

Montpelier, a jihar Virginia, gidan James Madison ne, shugaban Amurka na huɗu. Ya rasu a 1836, matarsa Dolley ta sayar da gidan a 1844. Haka ya yi ta sauya hannu har iyalan duPont suka saye shi a 1901, suka mayar da ɗaki 22 ya zama 55. Da aka tashi maido da shi a 2003, sai da aka fara laluben gidan Madison a cikin gidan duPont.

A nan gwanintar take. Masu binciken sun baje tsofaffin wasiƙu da takardun lissafin kafintoci, sannan suka tunkari bangon kansa. Sukan ɓanɓaro ɗan ɓarɓashin fenti, su sa shi a madubin ƙara girma, su ƙirga shafe bayan shafe har su iso ga launin farko. Ramin ƙusa kan nuna inda katako ya taɓa zama. Ƙofofin da aka cire aka kai wasu ɗakuna kuwa, tabon maƙalinsu ne ya faɗi inda suka fito. Har sheƙar ɓera da aka tarar a cikin bango ba a share ta ba. Da aka warware ta a hankali, sai ga guntayen yadi da na takardar adon bango, da ɗan yagin wasiƙa da rubutun hannun Madison.

Binciken bai tsaya kan maigida ba. Wata taswirar inshora ta 1837 ta taimaka wa masu tono wajen gano gurbin ɗakunan bayin da guminsu ya riƙe gidan, aka sake gina su a inda suke tun asali.

An kammala aikin babban gidan a 2008. Mai ziyara a yau bulo da katako yake gani, amma abin da ke riƙe da su hujja ce. Gidan tarihin da aka gyara ba da bincike ba, sabon gini ne kawai mai tsohon suna.