Yafe bashi ba gado ba ne

A watan Mayu na 2019, attajiri Robert Smith ya faɗa wa ɗaliban Morehouse, kwalejin baƙaƙen fata da ke Atlanta, cewa zai biya bashin karatun duk waɗanda suka kammala a shekarar, wajen dala miliyan 34. Wallahi ni ma na yi murna. Amma ɗan ajin 2018 fa, laifin me ya yi?

Ni ilimin harshe nake karanta, don haka kalma nake bi. Masu taken "karatu ba bashi" a Amurka suna faɗinsa tare da "tara dukiya" kamar abu ɗaya ne. Wanda aka yafe wa bashi, sifiri ya koma. Dukiya kuwa gida ce da fili, abin da uba ke bar wa ɗa.

Alƙaluman babban bankin Amurka na 2022 sun nuna iyalin fararen fata na tsaka-tsaki na da dala 285,000, na baƙaƙe 44,900. Wannan rami ya girmi bashin jami'a: tun shekarun 1930 aka ja wa unguwannin baƙaƙe jan layi a taswira, aka hana su rancen sayen gida.

Ƴan'uwa, a yafe bashin, na yarda. Sai dai mai digirin da ke ciyar da uwa da ƙanne daga albashi ɗaya, yaushe zai sayi gidan da zai bar wa nasa ɗan?