Harshen Magina a Masallacin Zariya da Cocin Wusasa

Masu rubutu a kan tsofaffin wuraren ibada na Zariya sun saba raba su gida biyu: Masallacin Juma'a su sa shi cikin tarihin Jihadi, Cocin Wusasa kuwa cikin tarihin Mishan. Wannan rabo yana da gaskiyarsa, amma yana ɓoye abin da ya haɗa gine-ginen biyu, watau sana'ar magina Hausawa da kalmominta.

Babban Gwani Mikailu ne ya gina masallacin a zamanin Sarkin Zazzau Abdulkarimu, wanda ya yi sarauta daga 1834 zuwa 1846. Da tubali da azara ya yi aikin. Wanda ya ce rufinsa ƙubba ne kurum bai faɗi kome ba, domin magini yana rarrabe bakan gizo, watau lanƙwasar da ta tashi daga ginshiƙi, da ɗaurin guga, inda bakuna su ke gittawa su ɗauki rufi, da tulluwa, wadda a ke hange daga waje. Kowace kalma aiki ce dabam, da irin azararta da irin ɗaurinta.

Cocin Bartholomew kuwa an gina shi a 1929, shekarar da Mishan ɗin su Likita Mila ta tashi daga cikin birni ta koma Wusasa. Turawa suka kawo addinin, amma da ƙasa aka yi ginin, bisa tsarin magina na ƙasar. Ashe ke nan masu sallah da masu sujada duk ƙarƙashin hikima guda su ke zaune, ko da ya ke alƙiblarsu ba ɗaya ba ce.

To, ginin ƙasa ba ya rayuwa sai da yaɓe kafin damina, da gyaran indararo, da duba azara saboda gara. A shekarun 1970 an kewaye tsohon masallacin da ginin siminti. Ran 11 ga Agusta 2023 wani sashe nasa ya rufta ana sallar La'asar, aka yi hasarar rayuka. An yi kwaikwayon ginin a gidan tarihi na Jos, amma kwaikwayo siffa kaɗai ya ke adanawa, ba ya koya wa yaro yadda a ke ɗaura azara.

Nan ne aikin malaman kwalejojin horo ya ke. In ɗalibi ya fita bai san makuba da katsi ba, bai san zanko ba sai da sunan Turanci, lalle ba zai iya tambayar tsohon magini abin da ya dace ba. Ya kamata a tattara kalmomin nan daga bakin masu sana'ar, Musulminsu da Kiristansu, kowace kalma tare da bayanin aikinta, tun masu su suna da rai.